Abokina ya ba ni kayan hawan keke, ni kuwa ko keken ba ni da shi

Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Jos. Wata biyu da suka wuce na cika shekara 42. A gidanmu ba a saba da bikin ranar haihuwa ba, ni ma ban taɓa yi ba. Ranar da yamma sai ga ɗan wani abokina ya yi sallama da babban kwali. Mahaifinsa Kirista ne, tare muka yi makarantar kwana, gadonsa na saman nawa har shekara 5. 'Yan shekarun nan ya kamu da son hawan keke, duk Asabar suna fita bayan gari shi da abokansa.

Da na buɗe kwalin sai na ga hular kwano, da fitilu biyu, da safar hannu, da rigar ruwa, da jakar goyo mai ɗauke da ruwan sha, da ƙaramin famfo, da kayan faci, da wani matsattsen gajeren wando mai soso a ciki. Akwai 'yar takarda da ya rubuta, "Ina jiran ka ranar Asabar." Na ba yaron tukwici, na tura godiya ta WhatsApp, shi ke nan.

Baba, ni ba ni da keke, rabona da hawa tun ina saurayi. Na yi ƙiba, likita ma ya ce jinina ya soma hawa, kuma na taɓa gaya wa abokin nan. Sai nake ganin kamar habaici ya yi mini. Sannan na tambayi kuɗin kayan, ya fi ƙarfin abin da zan iya ramawa. Maiɗakina ta ce mu sayar mu rage kuɗin makarantar yara, ko mu ba ƙaninta. Ga kunya: ɗalibaina su gan ni a kan keke da hular kwano? Kwalin yana ƙarƙashin gado. Ya kira ni sau 4 ban ɗauka ba. Me zan yi?

Wani malamin makaranta, daga Jos

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa shekaru albarka, ya ba da lafiya.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne layin ƙarshe: ya kira ka sau 4 ba ka ɗauka ba. Kayan da ke ƙarƙashin gado za su iya jira, ba su ji ba su gani. Mutumin da ya aiko su shi ne yake ji. Wata biyu ke nan yana juya abin a ransa, yana tambayar kansa laifin da ya yi maka. Ka san garinku fiye da ni. Tun rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, unguwannin Jos suka rarrabu, mutanen da suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya suka koma sai dai gaisuwa ta waya. A irin wannan gari, idan aboki Kirista ya aiko wa abokinsa Musulmi kyauta sannan ya ji shiru, akwai fassarar da za ta fara zuwa masa, kuma na tabbata ba ita ce a zuciyarka ba. Zai iya ɗauka cewa ka ƙi kyautar ne saboda daga hannunsa ta fito. Kar ka bar shi da wannan zato ko da kwana ɗaya ne ƙari.

Mu koma kan takardar. Mutumin da ya yi niyyar habaici ba ya kashe kuɗi haka. Habaici da baki ake yin sa, a gaban mutane, a yi dariya a wuce. Wanda ya zauna ya tuna girman kanka kafin ya zaɓi hula, ya tuna cewa damina a Jos ba ta ba da sanarwa har ya haɗa da rigar ruwa, ya tuna taya na iya sacewa a inda babu mai faci, wannan ya riga ya hango ku biyu a kan hanya. Kai da bakinka ka gaya masa maganar hawan jini. Ya ji, abin ya tsaya masa a rai, sai ya duba abin da ya sani ya taimake shi, ya miƙo maka. Shekarunku ɗaya. A wannan zangon ne mutum yake fara zuwa jana'izar sa'o'insa, wanda aka ce jiya ƙalau ya kwanta. Ina kyautata zaton tsoro ne ya sa shi, tsoron rasa wanda ya san shi tun suna ɗibar ruwa a bokiti ɗaya.

Zan ba ka gaskiyarka a wuri guda. Kyauta irin wannan tana zuwa da nauyi, domin mai ba da ita ya zaɓa maka abin da shi yake so. Masu keke, da masu ƙwallo, da masu kiwon tantabara, duk halinsu ɗaya a nan: abin da ya faranta musu rai suna ganin kowa ma zai faranta masa. Da ya tambaye ka tukuna da ya fi. Saboda haka jin da ka yi kamar an ɗora maka kaya ba laifi ba ne. Amma maganar nan ta kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski ba ta hau kanka ba. Ba lada ya ba ka ba, ba ku yi ciniki ba. Kana da ikon ka gwada ka ce bai karɓe ka ba. Abin da ba ka da iko a kai shi ne ka bar shi babu amsa.

Batun ranar haihuwa kuwa, na san malamai sun yi saɓani a kan bikinta, kuma kowa da wanda yake bi. Kai ba ka yi biki ba, ba ka tara kowa ba. Abokinka ne a al'adarsu ake tuna mutum a wannan rana, sai ya tuna da kai. Karɓar kyauta daga wanda ba addininku ɗaya ba abu ne sananne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Misra, wanda Kirista ne.

Sai maganar ramuwa, wadda na ga ita ce ta fi hana ka barci. Maiɗakinka ba ta yi maganar banza ba, kar ka ga laifinta. Matanmu sun tashi cikin tsarin biki: ta kawo miki a sunan ɗanki, ki riƙe a ka, ranar nata ki mayar, sau da yawa har da ƙari. A wannan lissafin, kyauta mai tsada bashi ne mai tsada, kuma mace mai hankali idan ta ga bashi ya shigo gida tana neman yadda za a rage asara. Ga kuma kuɗin makaranta a gabanta. Sai dai abokinka bai buɗe littafin biki da kai ba. Ya san albashin malamin sakandare. Da ramuwa daidai wa daida yake nema, da ba kai zai aiko wa ba.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce Annabi yana karɓar kyauta kuma yana sakawa. Ya kuma zo cewa wanda ya yi maka alheri ka saka masa, idan ba ka sami abin sakawa ba ka yi masa addu'a. Ba a ce sai da abu mai kuɗi ɗaya ba. Kai kuma kana da abin da kuɗi ke wahalar saya. Yaron nan da ya kawo kwalin, aji nawa yake? Idan WAEC ko JAMB na gabansa, awa ɗaya a mako da malamin lissafi wanda yake ɗaukar sa kamar ɗansa ta fi hular kwano goma a wurin mahaifinsa. Ranar babbar Sallah ka aika da cinyar rago. Ranar Kirsimeti ka taka da ƙafarka ka gaishe su. Idan ka sami zuma mai kyau ko hula mai aiki, ka kai masa ba tare da wani dalili ba. Kar ka yi gaggawar yin hakan cikin makon nan, domin kyautar da aka mayar da sauri kama take da biyan bashi don a rabu.

Sayarwa a ɓoye kam ban yarda da ita ba. A shari'a kayan naka ne, ka mallake su, babu mai tuhumar ka. Amma masu hawan keke a gari ɗaya ba su da yawa, sun san juna, sun san kayan juna. Ranar da zai ga hular da ya zaɓa maka a kan wani baƙo, abin da zai ji ya fi kuɗin da za ka samu nesa ba kusa ba. Kayan da aka saya da tsada kuma idan aka kai su kasuwa a matsayin na hannu, ba sa dawo da kuɗinsu. Ba wa ƙanin maiɗakinka ma haka, sai dai idan da sanin mai kyautar.

Yanzu kunya. Ni na yi zamanin da keke Raleigh yake abin alfahari. Malamin makaranta, da malamin asibiti, da ma'aikacin En'e, a kansa suke zuwa aiki, an goge shi yana walƙiya, an naɗe masa ƙarfe da roba mai launi, yara suna rububin riƙe wa malam keke idan ya sauka. Babur ya zo, mota ta zo, sai muka mayar da keke alamar wanda bai samu ba. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma wa keke, shi ma yana hawa a Abuja, har wata motar haya ta ture shi ya faɗa kwata. Mutane suka mai da abin na dariya, ni kuwa abin da na gani a ciki shi ne titunanmu ba su tanadi wurin mai keke ba, kuma har yau haka suke. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, ka duba da kyau da safe, za ka ga manya da furfura sun kakkaɓe kekunansu. Ɗalibanka za su yi maganar kwana biyu su gaji. A cikinsu akwai wanda a kan keke yake zuwa yana ɓoye shi bayan aji don kar a gani. Shi kam ranar da ya ga malamin lissafi a kan keke ba dariya zai yi ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka ba abin Asabar uku. Kar ka sayi keke. Kusan duk wanda hawan keke ya shiga jininsa yana da na biyu a jingine, ko ya san wanda zai ara. Ka ce wa abokinka ya aro maka wanda ya dace da tsawonka. Kafin Asabar ta farko ka koma wurin likitan da ya auna ka, ka gaya masa abin da kake shirin yi, ka ji ta bakinsa. Idan ya ɗora ka a kan magani, keke ba ya maye gurbin magani, tare suke tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato kamar minti 30 sau biyar. Kai ba daga nan za ka fara ba. Minti 15 zuwa 20 a shimfiɗaɗɗiyar hanya ya ishe ka a ranar farko. Ma'aunin da za ka riƙe mai sauƙi ne: idan kana tuƙi kana iya hira da na kusa da kai, kana daidai. Idan numfashi ya hana ka haɗa jimla, ka sassauta. Idan ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko zafi yana sauka a hannu, ka sauka nan take a kai ka asibiti, kar ka ce bari in ƙarasa.

Ka faɗa wa abokinka wannan ƙarara, domin a nan ne masu keke suke kuskure da sabon shiga. Su sun saba, tafiyar kilomita 40 a wurinsu hira ce. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 sama da teku, hanyoyinta hawa da gangara ne, duwatsun Shere kuma sun haura mita 1,800. Idan suka ɗauke ka ranar farko suka nufi can, za ka dawo ka rantse ba ka ƙarawa. Ka ce masa ranar farko ku biyu kawai, ba tare da ayarinsu ba, da sassafe bayan asuba kafin manyan motoci su cika titi, a hanyar da ya san lafiyarta. Bayan gari kuma, ko nan gaba, kar ka shiga kai kaɗai, kar ku bi hanyar da ba ku tambayi mutanen wurin halin da take ciki ba.

Kayan da ke cikin kwalin kowanne da aikinsa, kuma ya kamata ka san shi. Hular kwano ta zauna daidai a ka, gabanta kamar yatsa biyu sama da gira, kar ta koma ƙeya kamar hular da aka karkace don ado. Igiyarta ka ɗaure ta yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga tsakaninta da haɓa. Abin da ke cikinta wani busasshen kumfa ne da aka yi shi don ya murƙushe ya shanye bugu maimakon ƙoƙon kai. Sau ɗaya yake wannan aikin. Idan ka faɗi hular ta bugu da ƙarfi, ko ba ka ga tsaga ba, ta gama amfani. Farar fitila gaba take, ja a baya, kuma a hazon hunturu ka kunna su ko da gari ya waye. Ka bi hannun dama tare da motoci. Masu keke da yawa a garuruwanmu suna tuƙi suna fuskantar motoci wai don su ga abin da ke zuwa, alhali direban da zai fito daga kwana ba ya duba wannan ɓangaren. Ka yi nesa da motar da ke tsaye, ƙofa na iya buɗewa, ka kuma sa ido a kan masu Keke Napep, su kan tsaya duk inda fasinja ya ɗaga hannu.

Sirdi shi ne abin da ya fi korar sababbi. Yawancin mutane suna sa shi ƙasa sosai don ƙafa ta taɓa ƙasa, sai gwiwa ta ɗauki ciwo. Ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa: idan ƙafarka ta miƙe sosai, tsawon ya yi. Wandon nan mai soso da na san shi ya fi ba ka kunya, an yi shi ne don ya rage gogayya da ciwon mazaunai. Babu wanda ya ce sai an gan shi. Ka sa shi daga ciki, ka ɗora wandonka mai rufe gwiwa a sama, ka dai tattare bakin ƙafar dama ko ka cusa cikin safa don kar sarƙa ta kama. Jakar ruwan kuma ruwa zalla za ka riƙa zuba mata. Zoɓo ko kunun aya idan suka kwana a cikin siririn bututun nan, wanke shi sai an sha wahala. In ka dawo ka juye ta, ka rataye ta a buɗe ta bushe.

Kwana biyu bayan hawan farko cinyoyi za su yi tsami, mazaunai su yi ciwo. Kowa da haka ya fara. Shi ya sa na ce Asabar uku, don ta farko ba ta isa a yanke hukunci ba.

Idan ka cika ukun ka ji abin ya kwanta maka, sai a fara maganar tsohon keke mai lafiya, abokinka ya raka ka ya duba birki da taya da giya, a saya lokacin da aljihu ya yarda, bayan an biya kuɗin makarantar yara. Idan kuwa ka ji ba naka ba ne, ka zaunar da shi ka gaya masa. Ka ce ka gwada, ka gode, amma tafiyar ƙafa ta fi maka. Rigar ruwa da jakar goyo da fitila duk za su yi maka aiki a tafiyar ƙafa, har ku riƙa hawa dutse tare wata Asabar ɗin. Hular da famfon da kayan facin kuma ka tambaye shi wa yake ganin ya fi buƙata. Wataƙila ya ce ƙanin maiɗakin naka, wataƙila ku tuna da wani ɗalibi da ke zuwa daga nesa a kan keke babu ko fitila. Kyautar da aka juya da yardar mai ita ba ta ɓata zumunci.

Maiɗakinka ma ka zauna da ita. Ka gaya mata abin da likita ya ce, da lambobin da ya rubuta, idan ba ka riga ka gaya mata ba. Na lura maza da yawa suna gaya wa aboki ciwonsu su ɓoye wa matar da za ta yi jinya. Idan ta san abin da ake gudu, ina sa ran ita za ta riƙa tashin ka ranar Asabar.

Amma duk wannan bayan kiran waya ne. Yau, kafin ka kwanta, ka kira shi, kar ka tura rubutu. Ba sai ka tsara dogon uzuri ba. Ka kira shi da sunan da kuke kiran juna a makaranta, ka ce: "Ka yi haƙuri, na ga kiranka. Kayan sun fi ƙarfina ne, kunya ta kama ni, ga shi ko keke ba ni da shi. Kana da wanda za ka ara mini?" Daga nan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Ranar Juma'a da dare ka jawo kwalin, ka sa fitilun a caji.

Allah ya ba ka lafiya, ya bar ku tare. Ka rubuto mini bayan Asabar ta uku.